Jarrabawar rayuwa da alƙalamin masanin falsafa: a fara da jera shekaru

Akwai tarkon da ke kama ɗaliban falsafa da yawa. Da sun ji cewa wane ya yi doguwar jinya, ko an ɗaure shi, ko ya rasa iyalinsa, sai su mai da musibar mabuɗin duk abin da ya rubuta. Wani lokaci sukan dace. Sau da yawa kuwa shekarun ma ba sa ba su gaskiya.

Shi ya sa aikin farko na takarda da biro ne: a jera shekarun musiba a gefe ɗaya, shekarun rubutu a ɗaya gefen. A 1384 jirgin ruwan da ya ɗauko iyalin Ibn Khaldun daga Tunis ya nitse kusa da Iskandariya. Mai gaggawa zai ce wannan baƙin cikin ne ya sa yake kallon dauloli kamar mutane, su girma su tsufa su mutu. Amma tun 1377 ya gama daftarin farko na littafinsa Muƙaddima, inda ya kawo wannan ra'ayi, a Ƙal'at Ibn Salama, cikin Aljeriya ta yau, shekara bakwai kafin hatsarin. Mai neman musibar da ta riga littafin sai ya koma annobar 1348 zuwa 1349, wadda ta tafi da iyayensa da malamansa da dama, kuma shi da kansa ya ambace ta a littafin.

Sai a ƙara jeri na uku, wanda aka fi mantawa da shi: yaushe mutumin ya ba da labarin abin da ya same shi? A watan Rajab na 488 bayan Hijira, wato 1095, Imam Gazali na koyar da ɗalibai wajen 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Harshensa ya sarƙe har ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi zama masa, likitoci suka ce daga zuciya ciwon ya taso. Wata shida ya yi yana kai-kawo tsakanin zama da tafiya. A Zulƙida ya fita, ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa. Wannan bayani daga Al-Munƙiz minad Dalal yake, littafin da ya rubuta bayan ya koma koyarwa a Naisabur a 1106. An haura shekara goma ke nan, kuma a lokacin da yake bukatar ya fahimtar da mutane dalilin da ya sa wanda ya guje wa kujerar koyarwa ya dawo kanta. Faɗin haka ba ƙaryata Imam ba ne. Labarin da aka tsara bayan ƙura ta lafa ya fi abin da ya faru tsafta, shi ke nan. Dole mai karatu ya ajiye wasu abubuwa kusa da shi: an kashe waziri Nizamul Mulk, wanda ya naɗa shi a makarantar, a 1092, Sarki Malik Shah ya rasu a shekarar, rigimar gadon sarauta ta biyo baya.

To me ya sauya a rubutun? Tahafutul Falasifa, raddin Gazali ga masana falsafa, da ya kammala a farkon 1095, mas'ala 20 ce, hujja ana mayar mata da hujja. Ihya'u Ulumiddin, da ya biyo bayan fitarsa, littafi 40 ne a kashi huɗu: ibada, al'amuran yau da kullum, abubuwan da ke halakarwa, abubuwan da ke kuɓutarwa. Tambayarsa ce ta koma wata. A da yana bin diddigin ko magana ta inganta, yanzu abin da ya dame shi shi ne yadda malami zai san gaskiya amma sanin bai amfane shi ba. Kayan aikinsa kuwa bai yar ba. Al-Mustasfa, na usulul fiƙhu, da ya gama a 1109, da gabatarwa kan manɗiƙ, wato ilimin tsara hujja ta hankali, ya buɗe shi. Masu cewa ya yi hannun riga da hankali bayan 1095 ba su kai wannan littafin ba.

John Stuart Mill na Ingila ma haka. A 1826, yana da shekara 20, ya tambayi kansa ko zai yi farin ciki idan duk gyare-gyaren da yake fafutuka suka tabbata, ya ji amsar a'a ce, ya shiga ƙunci na watanni. Bai bar ra'ayin auna aiki da amfaninsa ba. Gyara ya yi masa, ya ce jin daɗi hawa-hawa ne, wani ya fi wani daraja.

Wani lokaci jiki ne ke yanka wa rubutu siffa. Nietzsche, masanin falsafa Bajamushe, ya ajiye aikin koyarwa a jami'ar Basel a 1879 saboda ciwon kai mai tsanani da raunin ido. Wanda ba ya iya daɗewa a kan tebur, yana tafe yana ɗan rubutu a ƙaramin littafi, ba mamaki gajerun sakin layi su yi yawa a aikinsa. Iyakar abin da ciwon zai bayyana ke nan, a ganina. Ko sukar da ya yi wa tushen ɗabi'a ta tsaya ko ta faɗi, sai an rufe tarihin rayuwarsa an gwada hujjar ita kaɗai. Kuskuren da aka fi yi masa shi ne ɗauko taɓuwar hankalin da ta same shi a Turin a Janairun 1889 a shafa wa littattafan da ya rubuta shekaru kafin nan. Bayan 1889 bai sake rubuta littafi ba. Wanda ya fito da sunansa a 1901, ƙanwarsa Elisabeth ce ta jagoranci harhaɗa shi daga tarkacen takardunsa, aka zaɓi na zaɓa, aka jera su yadda shi bai jera ba.