Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tulu da Randa

Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba da labarin auren ƙanwata. Ku yi mini afuwa, ba shi zan bayar ba. Ranar Talata aka kira ni aka ce Mama Nas ta rasu can garinsu, tun daga lokacin zuciyata ba ta bar harabar cocin Firesbiteriyan na nan Sakkwato ba. Abin da ke ci na shi zan rubuta.

Na sha faɗa muku maganar Baba: tulu ke zuwa rafi, randa ke shan yabo. Mutumin da ya yi golmo shekara bakwai a gonar surukai kafin a ba shi Inna, ya san abin da yake faɗi. Ina yaro na ɗauka zancen ruwa yake yi.

Ni ba ɗan Firesbiteriyan ba ne tun asali. Mu mutanen ƙasar Zuru a cocin UMCA muka buɗe ido, waƙarmu da addu'armu duk da Hausa. A 1991 da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, 'yan uwana ma'aikatan gwamnati suka tattara ya nasu ya nasu suka koma Birnin Kebbi. Ni na zauna, don makarantar da nake koyarwa ba ta gwamnati ba ce, uwargida kuma ta riga ta kafa kasuwarta. A gidan hayar da muke, ƙofa biyu ce tsakaninmu da Mama Nas. 'Yar Ohafia ce, mijinta soja ne da aka turo barikin Giginya, shi ya rasu, ita aikin asibiti ya riƙe ta. Hausarta ta asibiti ce, ta san "ina ke ciwo" da "sha sau uku", amma har ta bar garin nan ba ta bambanta kai da ke ba.

Wata Asabar ta tare ni a bakin famfo. "Malam, ke zo ki taimake mu. Matan soja suna zuwa coci, suna barci. Ba su ji Turanci. Lahadi ɗaya kawai."

Lahadi ɗayan nan ita ta zama shekara goma sha tara ina fassara musu wa'azi da Hausa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Rabaran ba shi kaɗai ke da wuƙa da nama ba. Sunan cocin ma daga kalmar Helenanci aka samo shi, ma'anarta dattijo. Jama'a ke zaɓen dattawa, a keɓe su, su zauna tare da Rabaran a majalisar da suke kira Seshon. Shi ana ce masa dattijo mai koyarwa, su dattawa masu mulki, ko fentin bango za a sake sai an zauna an rubuta. Sama da su akwai majalisar yanki, akwai Sinod, akwai Babban Taro na ƙasa. Kowane dattijo yana da gidajen da aka ba shi ya riƙa zagayawa, shi zai san wa ke kwance, wa ya daina zuwa, wa ya cancanci jibin Ubangiji. Kuma har da mata a cikinsu. Ranar da na ga Mama Nas ta ɗauki faranti tana raba gurasa, sai da na waiga ko wani zai hana ta. Daga baya ma aka turo mana Rabaran mace, ashe tun 1982 suke naɗa mata. Da na ba Baba labari, shiru ya yi, ya ce in miƙo masa goro.

Tarihinsu kuwa ko daga barci aka tashe ni zan fassara shi, don duk shekara sai an maimaita. Hope Waddell ya sauka Kalaba a 1846, shi da abokan aikinsa daga Jamaika, da goyon bayan wata ikilisiya ta ƙasar Sikotland. Mary Slessor ta zo a 1876, ta yi ta kwasar tagwayen da ake jefarwa tana reno, ta mutu a can a 1915. Ku duba taswira, Kalaba na wancan lungu a bakin teku, Sakkwato na wannan lungu a bakin hamada. Sai mutum ya tambayi kansa me ya jawo su nan.

Ciki ne ya jawo su, kamar kowa. A duk waɗanda na yi aiki da su, ban san ko mutum ɗaya da ya baro gida da niyyar yi wa Allah aiki a Sakkwato ba. Sun zo neman abinci ne, aikin ya same su a nan.

Ma'ajinmu ɗan Abiriba ne, mai sayar da kayan mota. Yana ɗan shekara goma sha uku aka ɗora shi a mota aka kawo shi wajen ubangidansa, ya yi shekaru yana share shago yana kwana a kan kwali, kafin a sallame shi da jari. Da na ba shi labarin golmo ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, ashe babanka ya yi bauta don mata, ni na yi don kuɗi, Yakubu na cikin Littafi kuma ya haɗa duka biyun." Karatunsa bai wuce firamare ba, amma ban taɓa ganin mai tsoron kuɗin baiko kamarsa ba. Bayan sujada zai baje kuɗin a tebur, ya sa mutum biyu su tsaya a kansa, ya miƙe kowace takarda da gefen hannu, ya juya fuskokinsu wuri ɗaya, ya ɗaure da roba. In Naira ashirin ta ɓace, babu mai tafiya gida, ko da rana ta take a watan Afrilu kwanon rufi yana ƙara don zafi. Mutane suna ƙunƙuni. Shi dai ya ce ubangidansa ya taɓa dukansa a kan kwabo, balle Ubangiji.

Masu kaɗa molo da garaya na zamani kuwa yawanci 'yan bautar ƙasa ne. Shekara ɗaya, sun koya wa yara waƙa uku, sun tafi. Ba na ma tuna fuskokinsu.

Rabaran-rabaran da suka zo suka wuce sun kai shida ko bakwai. Akwai wanda ya bar aikin banki ya tafi makarantar tauhidi a Umuahia, matarsa ba ta taɓa yafe masa ba, kuma shi kansa ya ɗauki zuwa Sakkwato a matsayin horo. Hunturun farko leɓɓansa suka tsage, sai da uwargida ta aika masa da man kaɗanya. Akwai wanda ya yi karatu a makarantar tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, shi yana jin Hausa, shi ne kuma ya fi ba ni wahala, don ina fassara yana gyara ni a gaban jama'a. Wanda na fi so shi ne wani dattijo tsohon hedimasta, mai magana a hankali. Wata Lahadi yana wa'azi daga Ishaya, inda aka ce zunubi ko ya yi ja wur zai koma fari, sai ya ambaci ƙanƙarar nan da ke zuba a ƙasar Turawa. Na dubi matan da ke gabana, ba wadda ta taɓa ganinta, shi ma mai wa'azin bai taɓa gani ba. Na ce, "Zai yi fari fat kamar kindirmon da Bafulatana ta buɗe da asuba." Wata tsohuwa ta ce "Amin!" da ƙarfi. Da muka fito ya tambaye ni me na faɗa, na gaya masa. Ya dafa kafaɗata ya ce daga yau in na ga hanya ta fi tasa, in bi. Wannan ita ce keɓewar da aka taɓa yi mini, a bakin ƙofa, ba shaida.

To ga abin da ya sa na ɗauko zancen. A shekara ta goma sha biyu aka ce za a ƙara dattawa uku. Mama Nas ce ta kawo sunana. Ban roƙe ta ba, amma ƙarya nake in na ce ban ɗinka sabuwar riga ba. Sai magatakardan Seshon na lokacin, wani mai digiri da aikin gwamnati ya kawo garin, ya buɗe rajista ya ce sunana ba ya cikin cikakkun membobi. Wai ban taɓa kawo takardar sauya ikilisiya daga cocinmu na gida ba, don haka a ƙa'ida ni baƙo ne. Shekara goma sha biyu ina tsaye kusa da mumbari, muryata ce rabin cocin ke ji a matsayin maganar Allah, ashe baƙo ne.

Ƙa'idar gaskiya ce, ban musa ba. An ma taɓa ce mini in kawo takardar tun farko, na share, don a ganina karɓo ta kamar in ce wa Baba na bar gidansa ne. Wannan laifina ne. Amma shi ma ya san da zancen tun shekaru, bai tashi tunawa ba sai da sunana ya hau takarda. Kuma na ji abin da ya faɗa a waje, cewa Malam ai Bahaushe ne, mai taimako ne. Ku ji fa. A kasuwa Sakkwatawa su ce mini Badakkare, a coci a ce mini Bahaushe.

Ranar sanarwa, wa zai fassara? Ni. Ya karanto sunaye uku da Turanci, na maimaita su ɗaya bayan ɗaya da Hausa, na ce jama'a su tafa musu, cikin sabuwar rigata. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan kam ina alfahari da shi har gobe. Tulu ke zuwa rafi.

Da na fito, maigadinmu yana zaune a kan bencinsa. Musulmi ne, mutumin wajen Gwadabawa, ya zo cin rani ya maƙale. Shekarunsa a ƙofar nan sun fi na kowane Rabaran. Ya san motar kowa, ya san yaron da ke sulalewa daga makarantar Lahadi, ranar Juma'a kuma ma'aji ke turo yaron shagonsa ya riƙe masa ƙofa har ya dawo daga masallaci. Shi ma babu sunansa a rajistar kowa. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi anka yi maka? Wagga riga ba ta fushi ba ce." Na ce ba komai, Baba. Ya matsa mini wuri, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Muka zauna har motoci suka watse.

Mama Nas ba ta zo ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Bayan mako biyu sai ga ta da kuɗin mota a ƙulle a gefen zane. "Malam, ke tafi Zuru, ki kawo takarda." Na ce ba inda za ni. Ta ajiye kuɗin a kan tabarma ta fita. Na mayar mata, ta sake aiko da su ta hannun yara. Sau uku muna haka. Daga baya na ji ta tsaya a Seshon ta ce a rubuta a littafi cewa ita ba ta yarda ba, aka kuwa rubuta, don a tsarinsu ba a hana dattijo wannan.

Ban je Zuru ba sai da Baba ya rasu. Bayan an share makoki na shiga ofishin coci na karɓi takardar, minti goma ba a yi ba aka buga mata hatimi. Lokacin magatakarda an daɗe da yi masa canjin wurin aiki, Mama Nas ta yi ritaya ta koma gida, matan sojan da nake wa fassara 'ya'yansu sun girma suna jin Turanci fiye da ni. Na ƙara shekara biyu ina fassara wa benci uku, sannan gwiwa ta ce ta gaji.

Takardar tana nan cikin Littafi Mai Tsarki na, wajen Ishaya, ban miƙa ta ba. Jiya na ciro ta na duba, hatimin ya fara dusashewa. An ce jana'izar sai wata mai zuwa, kun san su ba sa gaggawar binnewa. Ma'aji ya kira ni ya ce za su ɗauki bas guda daga nan, in ina so a bar mini kujerar gaba saboda ƙafa. Na ce ya bari in yi shawara da uwargida.