Inda Idon Mai Kaya Ba Ya Kaiwa

Duk wanda ya shigo wurin aikina yana neman tebur ko kabad, kafin mu yi maganar komai nakan ce ya zo mu kifa ɗaya daga cikin waɗanda muka gama. Mutane sukan yi mamaki, don sun zo kallon fuska ne, ni kuma ina nuna musu ƙarƙashi. Amma a can ƙarƙashin za ka ga ko an shafa mai kamar yadda aka shafa a sama, ko ƙafar ta zauna cikin raminta ko ƙusa ce kawai ta riƙe ta, ko an bar wa katakon wurin motsi. Fuska kowa ya iya gyara ta. Da fenti da samfefa, ruɓaɓɓen ice ma sai ya yi ƙyalli na wata uku.

Wannan ɗabi'a a wurin maigidana na same ta, wanda ya koya mini kafinta, Allah ya jiƙansa. Watannina na farko a hannunsa ban taɓa zarto ba. Aikina jera katako da gugar samfefa, safe da yamma. Idan na ce na gama, ba ya duba da ido. Sai ya kau da kai gefe, ya bi katakon da tafin hannu a hankali tun daga wannan baki har wancan, inda hannun ya tsaya nan zan koma. Wata rana na haɗa durowa, na goge gabanta har tana ɗaukar ido, na bar bayanta da kaushin zarto. Ya zaro ta gaba ɗaya, ya juya ta.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Maigida. Ai bayan ciki yake, ba mai gani."

Ya dube ni ya ce, "Kai fa? Ba ka gani ba?"

Bai ƙara ko kalma ba. Ya miƙo mini samfefa ya koma kan aikinsa. Har yau in na ɗauki durowa, bayanta nake fara juyawa.

Amma gugar nan ƙarshen aiki ce. Ingancin kayan katako tun kafin a yanka shi ake yanke hukuncinsa, kuma abin da ke yanke hukuncin ruwa ne. Icen da aka sare yau, wani rabin nauyinsa ruwa ne. Yana bushewa, ba ya canja girma sai danshin cikinsa ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100, daga nan ne yake fara tsukewa. Kayan da za su zauna cikin ɗaki suna bukatar katakon da ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12. Duk abin da aka haɗa da katakon da bai kai nan ba, zai ƙarasa bushewarsa ne a ɗakin mai kaya, kuma a can zai tsage, ya banƙare, ya buɗe baki a mahaɗa. Tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri idan iska ce za ta busar, ko da yake inda akwai zafi da busasshiyar iska yakan yi sauri fiye da haka. Ba kuma jibge shi ake yi ba. Ana ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan siraran sanduna tsakanin falle da falle a kan layi ɗaya don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a rufe shi daga rana. Bakunan biyu kuma a shafe su da fenti ko kakin zuma, domin ta baki ruwa ya fi saurin fita, shi ya sa tsaga daga baki take farawa.

A nan ne nake da ƙorafi da wasu masu sayar da katako, kuma ƙorafi ne da ba ya ƙarewa. Ka tambayi mutum, ya dafa ƙirji ya ce maka, "Ya bushe ƙayau, tun bara yake ajiye." Alhali an shanya shi a rana ne kwana kaɗan, bayan ya bushe, cikin kuwa jiƙe yake sharkaf. Na taɓa yarda da irin wannan magana saboda aiki ya matso ni. Na yi kabad mai ƙofa huɗu, na kai, mai shi ya yaba. Rani na shigowa ƙofofi biyu suka lanƙwashe har ba sa rufuwa. Na je da kaina na cire su, na yi sababbi, ban karɓi komai ba, domin mutumin nan ni ya sani, bai san wanda ya sayar mini da katako ba. Tun daga ranar na sayi na'urar auna danshi, 'yar ƙarama mai allura biyu da ake sokawa a jikin katako. Ruwa yana sauƙaƙa wa lantarki wucewa, ita kuma tana auna wannan ta nuna lamba. Yanzu in na je sayen kaya, nakan sa a yanke guntu daga baki, in soka ta a tsakiyar falle. Wasu sukan ɓata rai. Waɗanda ba su ɓata ba, su ne har yanzu muke hulɗa.

Ko busasshen katako ma ba ya daina numfashi. Da damina yakan sha danshin iska ya kumbura, da rani ya koma. Abin lura shi ne ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kusan ba ya yi. Saman tebur mai faɗi yana iya ƙaruwa ya ragu da milimita da dama tsakanin lokutan biyu. Wanda bai san haka ba sai ya ɗaure shi tamau da ƙusa da gam ta kowane gefe, yana ganin ƙarfi ya yi masa, katako kuwa in an hana shi motsi tsagewa yake yi. Mu mukan tsawaita ramin sukurun da ke ƙasa, yadda saman zai ja ya dawo ba tare da ya saki ba. Allon tsakiyar ƙofa mukan zaunar da shi cikin kwarmi ba gam, ya yi ta shawaginsa a ciki. Shafa mai a ƙarƙashin tebur da nake nuna wa mutane ma ba don ado ba ne: idan fuska ɗaya a rufe take ɗaya a buɗe, buɗaɗɗiyar ta fi saurin shan danshi, sai fallen ya kwarmaɗe kamar kwasfa.

Sai haɗi, wanda shi ne abin da na fi alfahari da shi a aikinmu. Ƙafar tebur da sandar da ke riƙe ta, haɗin mace da namiji muke yi musu: a fafe rami a wannan, a fere harshe a wancan, kaurin harshen kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. In ya fi haka bangon ramin ya yi rauni, in bai kai ba harshen ya karye. Haɗi mai kyau da tafin hannu ake tura shi ya shiga, in an ɗaga kuma bai zame ba, tun kafin gam ya taɓa shi. Wannan dabara ba ta jiya ba ce. Lokacin da Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a Masar a shekarar 1922, an sami kujeru da gadaje na katako a ciki da suka haura shekara 3,000, kuma kafintocin Masar na wancan zamani da irin wannan haɗi suke aiki. Nakan gaya wa yarana wannan idan na ga hannun ɗayansu ya nufi kwalin ƙusa. Ƙusa ko sukurun da aka kafa a bakin katako, inda jijiyoyinsa suka ƙare, ba shi da abin kamawa. Gam ma a wurin shanye shi ake yi kamar soso. Farin gam ɗin da muke amfani da shi yana kamawa cikin kamar awa guda a matse, amma ƙarfinsa bai cika sai bayan awa 24, don haka abin da aka haɗa yau sai gobe ake taɓa shi, ko mai shi yana tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu kwaikwayo. Mutum zai zo ya ɗauki hoton aikinmu da waya, bayan mako biyu ka ga irinsa a wani wuri, kamar an tsaga kara. Matsa kusa ka ƙwanƙwasa. Allon garin katako ne da aka matse da gam, wanda in ruwa ya shige shi yake kumbura ba ya komawa, aka lulluɓe shi da leda mai zanen ice. Gibin mahaɗa an cike shi da dusar katako da gam an bi da fenti. Ba ina cewa irin wannan allo ba shi da amfani ba ne, yana da wurinsa, ni ma ina aiki da filawud a bayan kabad da ƙasan durowa, domin fallayensa a gicciye aka manna su, shi ya sa ba ya motsi kamar tsantsar katako. Laifin shi ne a sayar da abu da sunan da ba nasa ba. Sai kuma mai saye ya dawo wurina da hoton a waya yana cewa, "Malam, ga irinsa can, kuma bai kai naka tsada ba." Ba na jayayya. Nakan ce ya koma ya roƙi su kifa masa shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma da yawa daga cikin masu wannan magana sun dawo mini daga baya da ƙafar kujera a hannu suna neman gyara.

Awo kuwa ba na yi masa sassauci ko kaɗan. Tsayin teburin zama santimita 75 ne ko kusa da haka, mazaunin kujera 45, tazarar 30 da ke tsakani ita ce ke ba cinya wuri, ta bar gwiwar hannu ta sauka daidai. Ka ƙara santimita uku kacal, mai zama ba zai san dalili ba, amma kafaɗarsa za ta gaya masa. Duk akwati ko firam da muka haɗa, kafin gam ya kama sai an ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. In lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, a karkace yake, ko ido ya ce lafiya. A babban aiki inda sikwaya, abin gwada miƙewar kusurwa, ba ta isa, mukan auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, in tsakaninsu ya ba da 5 kusurwa ta miƙe. Samfefa ma da tsarinta, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 80, sannan 120, 180, 220, ana bin jijiyar katako ba a gicciye ta. Wanda ya tsallake lamba, mai yana hawa zanen da ya ɓoye zai fito fili.

Duk abin da muka yi magana da mai kaya ina rubuta shi a gabansa, irin katako, awo, launi, ranar karɓa, ya riƙe ɗaya in riƙe ɗaya. Ranar da nake faɗa kuma wadda na san zan cika ce, ba wadda kunnensa ke son ji ba. Na sha rasa aiki saboda wannan. In wani abu ya gitta, ni nake fara kira tun kafin ranar ta zo.

Akwai wani abu da na ji game da kamfanin motoci na Toyota a Japan da ya zauna mini a rai: kowane ma'aikaci a layin haɗa mota yana da ikon neman a tsaya idan ya ga matsala, komai ƙanƙantar matsayinsa. Na kawo wannan wurin aikina. Na gaya wa yarana, wanda duk ya ga aibi ya faɗa, ko a aikina ne. Da farko ba wanda ya iya buɗe baki, kunya da girmamawa sun hana. Sai wata rana muna shirin shafa mai a wani babban tebur, ƙaramin cikinsu, wanda bai daɗe da zuwa ba, ya tsaya a bayana yana murza hannu.

Ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, kamar akwai tsaga a nan."

Na sunkuya. Siririya ce kamar gashi, a gefen wani ƙulli, ni da manyan yaran duk mun wuce ta. Muka cire fallen, muka sa wani, aikin ya ƙara kwana biyu. Na kira mai teburin na gaya masa dalili. A gaban sauran na yi wa yaron godiya, kuma tun daga ranar shi ne mai bin kowane aiki da tafin hannu kafin mai ya hau.

Yanzu haka akwai fallayen maɗaci a jere a bayan wurin aikin, masu kyawun jijiya irin wadda ba kullum ake samu ba. Wani abokin cinikinmu na tun da daɗewa ya gan su, ya ce lallai da su yake son a yi masa teburin karatu, kuma kusan kowane mako sai ya kira. Jiya na yanke guntu na soka na'ura a tsakiya, ta nuna 16. Na ce yara su mayar da fallen kan 'yan'uwansa su ɗora nauyin, na kira shi na ce ya ƙara mana haƙuri.