Baƙin mai a gwangwanin madara

Laraba, bayan isha'i.

Sanyin yau ya fi na jiya. Sai da na ɗora ruwan alwala a wuta da asuba. Makaranta babu labari: rabin 'yan aji uku ba su zo ba sai da rana ta ɗaga, waɗanda suka zo kuma leɓe duk a fashe. Hazo ya rufe hanyar Gaya, ko kukar bakin gari ba a hangowa.

Goggo ta iso tun hantsi, ni ban sani ba. Ina shigowa gida wajen ƙarfe biyu na same ta zaune kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ta matse magena Soso tsakanin gwiwoyinta, Auta na riƙe da ƙafafun baya. Ga gwangwanin madara a gefe, rabinsa baƙin mai, da tsinke an naɗa masa tsumma a kai. Wajen mai injin niƙa aka aiki Auta ya karɓo. Ko jaka ban sauke ba.

"Goggo, don girman Allah ku dakata!"

"Sallama dai tukuna, Malama," in ji ta. "Ƙazuwa ce ta kama dabbar nan kuna zaune kuna kallo. Dubi gaban kunnenta. Dubi ƙirjinta, duk ya zube. Haka na yi wa akuyar Baffanku bara, kafin wata gashi ya dawo."

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, hannuna ɗaya kuma yana janye gwangwanin a hankali. Na ce mata akuya ba ta wanka da harshe, mage kuwa wuni take tana lasar jikinta, duk abin da aka shafa mata a fata cikinta zai ƙare. Man da ya gama zagaya inji guba ne, ko akuyar ma sa'a aka ci. Wannan na ƙarshen a zuci na faɗa.

Soso irin magen nan ce da ake kira Devon Rex. Haka Devon Rex suke: gashin gajere ne, mai laushi, a nannaɗe, kuma ba shi da ƙwari ko kaɗan. Lasa ma tana karya shi. Shi ya sa gaban kunne da wuya da ƙirji da ciki suke zama shara-shara, wani lokacin har fata ta bayyana. Gashin bakinta ma guntu-guntu ne, yana tsirowa yana karyewa. Na ɗaga ta na nuna wa Goggo wurin da kyau: fatar sumul, babu ɓawo, babu ja, ba ta susa, kuma yadda dama take haka hagu take. Makero da'ira yake yi, yana ɓarewa, kuma da tuni ya kama ni, ni da nake kwana da ita. Likitan dabbobin da Yaya ta kai ta wajensa a Kano kafin ta tafi ma ya duba wuraren nan ya ce halitta ce.

Goggo ta ƙura mata ido ta ce, "Halitta? Da waɗannan kunnuwan jemagen?"

Duk muka yi dariya, har Inna da ke tankaɗe. Nan hira ta yi daɗi, don Goggo in tana cikin raha babu kamarta. Ta ce to wace irin ƙasa ce ke haifar da wannan, na ba ta labarin yadda na sani. A yankin Devon na Ingila, wajen 1960, akwai wani muzuru mai nannaɗaɗɗen gashi da ke yawo kusa da tsohon ramin haƙar kuza, ba na kowa ba, an yi an yi a kama shi ya gagara. Wata mata a kusa da wurin tana ciyar da wata kyanwa da ita ma tsintuwa ce. Kyanwar ta haihu, ɗaya cikin 'ya'yan ya fito da gashin muzurun nan, aka sa masa Kirlee. Duk wata Devon Rex da ke duniya yau daga shi ta fito. Da jin kuza Goggo ta gyara zama, don marigayi mijinta ya yi aikinta a Jos yana saurayi. Ta tafa hannu ta ce, "Ashe jikar muzurun bola ce ake yi wa takardar asali!" Wallahi ban da amsa, gaskiya ta faɗa.

Auta ya samu ƙofa ya sako maganarsa ta kullum, wai a bar muzurun gidan Liman ya shigo, in ta haihu ya kai 'ya'yan birni ya sayi waya. Na sake gaya masa abin da na sha gaya masa: sai uwa da uba duka suna ɗauke da irin wannan gashin sannan yake fitowa. Da muzurun gari, 'ya'yan da gashi miƙaƙƙe za su zo, irin wanda ke kowane rumbu a garin nan. Turawan ma sun gwada haɗa Kirlee da wasu masu nannaɗaɗɗen gashi na yankin Cornwall a can Ingila, waɗanda aka fara samu a 1950, suna zaton dangi ɗaya ne, 'ya'yan suka fito gashi a miƙe. Bai yarda ba. Yana ganin rowa nake yi masa.

Ashe tsumman ya riga ya taɓa cinyarta ta hagu. Ɗan shafi ne, bai fi faɗin babban yatsa ba, amma ban yarda ta kai harshe wurin ba. Na sirka ruwa, na wanke da sabulun wanke-wanke na ruwa, na ɗauraye, na sake, har ya daina wari. Ba na son jiƙa ta da hunturu, gashin nan ba ya tare mata komai, nan da nan ta kama makyarkyata. Na naɗe ta a tawul, na zauna inda rana ke bugawa jikin katanga, na rungume ta a ƙirji ina goge ta a hankali. Ta cusa kai ƙarƙashin haɓata tana gurnani.

Goggo na ɓare goro. Ba ta ma kalle ni sosai ba ta ce, "Ikon Allah. Wadda ba a ba ta goyo ba, ai dole ta nemi abin runguma."

Shi ke nan. Ta jefa goro a baki ta tambayi Inna ko an sayar da gyaɗar bana. Inna ta ce saura buhu biyu. Rariya ba ta tsaya ba.

Na san za ku ce ba da mugunta ta faɗa ba, ni ma na sani. Wataƙila ma tausayi ne a wajenta. Da gori ta yi mini da ya fi mini sauƙi, sai in shiga ɗaki in yi fushina in huce. Amma ta faɗe shi ne a matsayin abin da kowa ya riga ya sani, abin da ba ya buƙatar gardama. Tun ɗazu nake tunanin ashe haka ake karanta ni a garin nan. In na tsaya wajen mai kifi na ce a ware mini wanda ba a barbaɗa wa yaji ba, abin da yake gani ke nan. In na hana a zuba mata miya saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage, ko na hana a ba ta madara don tana sa ta zawo, matan gidan nan kallon juna suke yi ashe. Ranar da na yi wa Auta faɗa kamar zan cinye shi don ya ce a ba ta rabin farasitamol, ni ina tunanin ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, su kuwa suna tunanin ga bazawara ta samu 'ya.

Alhali tun ina ƙarama ni ce mai kwaso 'ya'yan kyanwa daga bayan rumbu in ɓoye a ƙarƙashin gadon Inna. Goggo da kanta ta taɓa zane ni a kan haka. Lokacin wane gurbi nake cikewa? Ina son dabbar nan don tana ba ni dariya. Tana hawa kafaɗata ina gyaran littattafan yara, tana bin ni har bakin rijiya, ta iya buɗe kwanon da ba a danne da dutse ba. Ina son ranar Asabar in zauna da auduga in share mata maiƙon nan mai ruwan ƙasa da ke taruwa a kunnuwanta da gindin faratanta, tana ƙunƙuni ina ba ta haƙuri. Yanzu ko wannan in na zauna yi a tsakar gida sai na ji idon mutane a bayana.

Shirun Inna ya fi ci mini rai. Na san kara ce, ba za ta tanka wa yayar mijinta a kan 'yarta ba, ko da me aka faɗa. Shekara nawa tana haka. Amma ko tari ai sai ta yi. Da magariba ta zuba mini tuwo ta ƙara mini man shanu fiye da na kowa, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Kuma abin haushin, wani ɓangare na zuciyata yana ta tambaya ko Goggo ta hango wani abu ne. Ba na son wannan ɓangaren. Na bar shi nan.

Yaya ta kira, layi na yankewa. Na ɗaga mata Soso ta gani, ta ce ta yi ƙiba. Ban gaya mata zancen mai ba, balle ɗayan. Abincin gwangwani da ta bari ya kusa ƙarewa, buhun busasshen kuma sai wani zai shiga Kano.

Ƙarangiya uku na cire mata a wutsiya da yamma. Da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, don in aka sa mataji gashin ne zai biyo. Ta kuma koma kwanciya a tokar murhu, gefenta ɗaya ya yi furu-furu. Sai na riƙa zuba ruwa a murhun bayan an sauke tukunya, wata rana garwashi zai ɓuya a ciki.

Muzurun gidan Liman yana kan katanga yanzu haka, ina jin sa.

Goggo sai Juma'a za ta tafi, za ta bi motar masu zuwa kasuwar Wudil. Na ba Auta gwangwanin ya mayar, amma da na leƙa zaure bayan isha'i yana nan bayan ƙofa, an rufe shi da fasasshen kwano. Ban san wa ya ce a ajiye ba. Gobe ina da darasi tun na farko. In na sa wa ɗakina kwaɗo na tafi da makulli, Goggo za ta ce na mayar da ita ɓarauniya a gidan ƙaninta, kuma sai maganar ta kai kunnen Baba. In na bari a buɗe, ban san abin da zan tarar ba. Akwai kwandon da Yaya ta kawo ta a ciki, sai dai hedimasta ba zai ji daɗin ganin mage a ofis ba, 'yan aji uku kuwa ranar babu karatu.