Yadi ya shigo, riɗi ya fita: yadda na gwada cinikin Caina ta fuska biyu

Duk wanda ke sayo kaya daga Caina ya kawo Kantin Kwari ya san zaɓen kaya ba ya ba da wahala. Kana zaune a shagonka za a turo maka hotunan zane ta manhajar WeChat, ka zaɓi launi, ka faɗi yawan dilar da kake so, a yanka maka farashi. Wajen biya ne ake jin jiki. Kai da naira ka sayar da atamfa da shadda da leshi, mai masaƙa kuwa ba ya karɓar naira, sai dala ko yuwan. Giɓin cinikin da ake ta faɗa a rediyo, mu a nan muke haɗuwa da shi, ranar da aka ce a tura kuɗi.

Najeriya da Caina sun ƙulla hulɗar jakadanci tun 1971, kuma yau babu ƙasar da muke sayen kayanta kamar Caina. A lissafin da su kansu suka fitar na 2023, cinikin ƙasashen biyu ya haura dala biliyan 22, amma kusan biliyan 20 daga ciki kayansu ne suka shigo mana. Namu da ya tafi can bai kai biliyan 3 ba, kuma mafi yawansa ɗanyen mai ne da iskar gas da ma'adinai yadda aka haƙo su. Wanda ke son ganin wannan lissafi da idonsa ba sai ya je Abuja ba. Ya zaga Kwari, ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre, ya biya Ƙofar Ruwa wajen masu tayil da kayan gini, ya ƙarasa Sabon Gari, ya riƙa juya kwali yana duba inda aka yi shi.

Ni a Kwari na tashi, a gaban maigidana, Allah ya jiƙansa. Na riski ƙarshen zamanin da motocin masaƙun Kano da Kaduna ke sauke atamfa a bakin kasuwa, kafin su riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya a 2007. Da aka sallame ni na kama nawa, sai na bi sahun 'yan'uwa zuwa Guangzhou, daga baya kuma Keqiao a yankin Shaoxing, garin da kusan kowa harkar yadi yake yi. Abin da ya tsaya mini a rai a can ba girman masana'antun ba ne, kusancinsu ne. Mai zare, mai saƙa, mai rini, mai buga zane, mai kwali da lamba, duk suna gari ɗaya, wuta ba ta ɗaukewa, tashar jirgin ruwa tana kusa. Ka kai musu ƙyallen zanen da mata ke yayi a Kano, kafin ka gama zagayenka sun fito maka da samfuri kala-kala, su tambaye ka na nawa kake so, mai nauyi ko mara nauyi. Da na ga haka na daina mamakin arahar kayansu.

Sai maganar kuɗi. A 2015 Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana a ba su dala a farashin gwamnati, yadi na ciki, a 2019 kuma aka ƙara tsaurara wa yadin. Ba a ɗage takunkumin ba sai Oktoban 2023. Duk tsawon shekarun nan mu 'yan Kwari a Wapa muke neman canji. A 2018 an yi yarjejeniyar musayar naira da yuwan tsakanin manyan bankunan ƙasashen biyu, ta yuwan biliyan 15, mun yi murna ƙwarai. Amma kuɗin nan a lokacin bai wuce dala biliyan biyu da rabi ba, a cinikin da ake shigo da ninkin-ba-ninkinsa duk shekara, ga shi kuma kayanmu na cikin waɗanda aka hana. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta zarce 1,500. Mu kuwa cinikinmu bashi ne. Ka ba abokin ciniki daga Maiduguri ko Damagaram kaya, kafin ya kawo kuɗi dala ta yi gaba. A littafi ka ci riba, amma in ka haɗa uwar kuɗi da ribar ba za su dawo maka da yawan dilar da ka sayar ba. Na ga manyan mutane da jarinsu ya zube a haka, ba su ci ba, ba a sace ba.

Wannan ce ta sa na fara tunanin sayar wa mutanen da nake saye a wurinsu. Wakilina na can ya haɗa ni da wani mai matsar mai da ke sauke riɗi a tashar Qingdao. Caina ce kan gaba a duniya wajen sayen riɗi, tana shigo da wajen tan miliyan ɗaya a shekara, kuma kaso mai yawa daga Afirka yake. Mu kuwa ga kasuwar hatsi ta Dawanau a bayan gida. Na yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, na buɗe takardar fitar da kaya ta NXP a banki. Ƙa'ida ita ce kuɗin kayan da ka fitar su dawo asusunka cikin kwana 180, kuma da su kana iya biyan kayan da za ka shigo da su. Nufina ke nan: riɗi ya biya yadi, in huta da zaryar Wapa.

A Dawanau na koma ɗalibi. Dillalin da aka haɗa ni da shi dattijo ne, gemunsa ya yi fari da shekaru da ƙurar hatsi. Aka sauke buhunan farin riɗi daga wajen Maigatari da Gumel, na zura hannu a bakin buhu na ga ya yi kyau. Shi bai kalli baki ba. Ya ɗauko ƙarfensa ya soka a gindin buhu, ya tsiyaya a tafin hannu, ya hura, ya ɗan murza da babban yatsa, sai ga rairayi ya kwanta a layukan tafinsa. Ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna.

"Alhaji, wannan da sauransa," in ji shi. "Bai gama bushewa ba, kuma an yi masa ciko. In ka saye shi a kan nauyin nan, ƙasa ka saya da ruwa."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Ya ce, "A rage kuɗi, ko a bar musu kayansu. Mutanenka na can da inji suke dubawa, ba da ido ba."

Gaskiya ya faɗa. Takardar cinikin da aka turo mini ta ƙayyade komai: tsabta ta kai kashi 99 cikin ɗari, danshi kada ya wuce iyaka, yawan mai kaza, ɗacin mai kada ya haura kaza. Muka kai riɗin wajen injin tacewa, mata suka bi da rariya da faifai. Duk abin da ya fita na tsakuwa da ƙaiƙayi da yashi, kai ka biya kuɗinsa a farashin riɗi, kuma tulin da ya taru a gefe ya ba ni tsoro. Ciko yana cutar da mu fiye da yadda masu yinsa ke zato, domin mai saye a Qingdao ba ya cewa riɗin wane, riɗin Najeriya yake cewa, ya rage wa kowa farashi.

Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ne, da shingaye, da layin shiga tasha, da takardar lafiyar tsirrai, da masu duba kaya kafin a rufe kwantena. Abu ɗaya ne ya zo da sauƙi: samun kwantenar kanta. Tunda a cike suke zuwa, da yawa kuma a wofi suke komawa, kamfanonin jiragen ruwa na maraba da duk wanda zai zuba wani abu a ciki, kuɗin dakon tafiya bai kai na zuwa ba. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum inda cinikin ya karkata.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai da na shiga. Wasu masu saye a Dawanau suna ba da farashin da in na bi su faɗuwa zan yi, na rasa dalili. Ashe Caina ta daɗe da yafe harajin shigar da riɗi ga ƙasashen da ke jerin mafi ƙarancin ci gaba, irin su Nijar da Togo, mu kuwa ba ma cikin jerin, namu a lokacin sai an biya. Saboda haka riɗin Jigawa kan tsallaka Maraɗi, ko ya bi ta Lome, ya isa can da sunan wata ƙasa. Mu 'yan yadi mun san kishiyar wannan hanya, domin an daɗe ana sauke dila a Kwatano ta biyo ta Nijar ta shigo Kano. Ke nan alƙaluman da gwamnatoci ke bugawa ba su kama komai ba, ta ɓangaren shiga da ta ɓangaren fita. Giɓin dai gaskiya ne, sai dai kan iyaka tana haɗiye wani sashe na labarin.

Kuɗi sun dawo, alhamdu lillahi, kuma na biya mai masaƙa da su. Amma da na zauna da alƙalami na ga inda gizo ke saƙar. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi wajen tan 19, kuma sai na tura irinta da dama kafin su biya babbar kwantena ɗaya ta yadi. Riɗin nan manomi ya yi damina guda a kansa, ya yanke, ya jingine, ya kakkaɓe, duk da haka abin da muka tura ƙwaya ce kawai. Yadin kuwa kowane hannu da ya bi ta kansa ya bar kuɗinsa a ciki, kuma hannayen duk na can ne. Galibin atamfa mai araha ma da zaren roba ake saƙa ta, wanda daga man fetur ake yinsa, irin abin da muke tura wa duniya ɗanye. Sanusi Lamiɗo Sanusi ya yi wannan magana a 2013 yana gwamnan Babban Banki, cewa mai karɓar ɗanyen kayanka ya sayar maka da sarrafaffe, tsarin mulkin mallaka yake maimaitawa. Na yarda da shi, kuma abin ya fi ciwo a Kano. Bature Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a garin nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Na ga lokacin da jami'an shige da fice suka kama 'yan Caina masu ciniki a Kwari a 2012, na kuma ga marina sun yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki a 2015 kan rinannen yadin da ake shigowa da shi. Kukansu na kan hanya, domin mai masaƙa ya biyo kayansa har cikin kasuwa yana sayar da turmi ɗai-ɗai, ɗan gari ba shi da wurin tsayawa. Sai dai ko an kori 'yan Cainar duka gobe, matar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki da ɗan abin hannunta za ta nemi mai araha, mu kuma za mu hau jirgi mu je mu sayo mata. Muddin masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai na aiki da janareta, yadin da aka saƙa a nan ba zai yi gogayya da na Keqiao ba.

Na tambayi mai sayen riɗina ko zai karɓi mai maimakon ƙwaya. Ya ce a'a ba tare da kwana-kwana ba: matsar ita ce sana'arsa, mutanensa kuma sun saba da ƙamshin suyar da suke yi da kansu. Abin da ya yarda ya ƙara wa kuɗi shi ne riɗin da aka tace sosai aka ware launinsa, da wanda aka ɓare. Tun daga nan ba na loda kaya sai an ba da kafin alƙalami, kuma sai mun rubuta cewa sakamakon gwajin da aka yi a tashar lodi shi ne hukunci, don kada kaya su isa can a ce an ga aibu a nemi ragi, lokacin da ba ka da ikon dawo da su. Ba na kuma shiga ni kaɗai. Jarin riɗi yana kwana wata da watanni tsakanin Dawanau da Qingdao, ɗan kasuwa ɗaya mai matsakaicin ƙarfi ba zai jure ba.

Abu biyu nake sa wa ido yanzu. A Yunin 2025, a taron da aka yi a garin Changsha na ƙasarsu, Caina ta sanar da cewa za ta cire haraji ga kayan ƙasashen Afirka 53 da ke hulɗa da ita, har da Najeriya. In hakan ya tabbata a bakin kwastam ɗinsu, ribar bi ta Maraɗi ta ƙare, riɗinmu zai tafi da sunanmu. Na biyu tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, inda ake iya duba kaya a rufe kwantena tun daga Kano. Amfaninta na gaske sai jirgin ƙasa na ɗaukar kaya zuwa teku a kai a kai. Kafin nan, ni da wasu abokai daga Kwari da Dawanau mun haɗa kuɗi mun kama sito a Sharaɗa, mun yi odar injin ware launi, muna kuma ɗora faifan sola a rufin don kada aikin ya dogara da wutar gari. Mun fara magana da manoma a Jigawa tun kafin kaka: mu ba su tamfol su kakkaɓe a kai maimakon ƙasa, mu kuma mu saya da ƙarin kuɗi a kan kowane buhun da ya zo ba ciko.