Magaribar da ta ƙi zuwa

Laraba, 18 ga Yuni. Kwanana shida a Reykjavik, babban birnin ƙasar Ayislan.

Ƙarfe tara na dare a nan, goma a Kano, Hajiya ta kira. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta jefo tambayarta ta kullum: "Auta, ka yi isha'i?"

Na ce, "Hajiya, ai ko magariba ba ta yi ba."

Ta yi shiru, irin shirun nan nata. Can ta ce, "Ka ji tsoron Allah, Auta. Ko sati ba ka rufa ba a ƙasar mutane har ka fara wasa da salla?"

Na rantse, ta ce rantsuwa ba ta da wuya a bakin ɗan zamani. Sai na mayar da kiran na bidiyo na ɗaga labule. Rana tar kamar bayan la'asar, ga yara can suna buga ƙwallo a farfajiya. Ta matso da ido har goshinta ya cika wayar, ta ce fitilu ne. Ta ƙwala wa Yaya Binta kira ta zo ta gani. Yaya Binta ta dinga dariya har da riƙe ciki, Hajiya kuwa ko murmushi. Na yi mata bayani iya iyawata: Ayislan tsibiri ne can ƙuryar arewacin duniya, a wannan watan rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare, kafin ƙarfe uku kuma ta sake ɓullowa. Tsakanin nan ma duhu ba ya yi, jan shafaƙi ba ya ɓacewa, shi ya sa lokacin isha'i sai an ƙaddara shi. Ranar Juma'a na tambaya a masallaci, wani dattijo ya ce malamai sun yi sassauci, wasu suna bin lokutan Makka, wasu na ƙasa mafi kusa da darenta yake cika. A Disamba kuma abin juyewa yake, hasken yini kamar awa huɗu ne kawai.

Ta gama saurare tsaf, ta ce, "To su kajin garin yaushe suke kwana?"

Ban da amsa.

Da rana dai lafiya lau na wuni, har da nishaɗi. Sadiku ya turo saƙo yana tambayar me zai zo da shi wata mai zuwa, tunda bizarsa ta Shengen ta fito. Na ce kada ya wahalar da kansa wajen 'yan canji. Kuɗinsu krona ne, amma tun da na sauka a filin jirgin saman Keflavik ban taɓa na takarda ba, ko kofin shayi da kati ake biya. Daga filin jirgin zuwa gari kamar kilomita 50 ne, ya hau bas, tasi a nan yankan wuƙa ce. Jirgin ƙasa babu shi a duk ƙasar. Ya sayo adafta, soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Rigar da ke tare iska da ruwan sama ta fi masa lema, don iskar garin nan lema ba ta kwana a hannunta. Wannan da suke kira lokacin zafi, gara sanyin hunturun Jos. Kilishin da Hajiya ke shirin ƙulla masa kuwa ya cinye a gida, ba a shigo da nama daga wajen Turai. Lambar neman agaji 112.

Ruwan gora: kar ya saya. Na sayi biyu ranar farko, mai kanti ta dube ni da tausayi. Na famfo mai sanyi ya fi shi daɗi. Mai zafin ne ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, daga ƙarƙashin ƙasa yake zuwa da zafinsa. Na saba, ko dai hancina ya haƙura.

Jiya hutu, ranar da suka zama jamhuriya a 1944 bayan rabuwa da Denmark. Tutoci, yara da balan-balan. Duk ƙasar ba su kai mutum 400,000 ba.

Amma tun da Hajiya ta ajiye waya raina yake a jagule. Ba zargin ne ya dame ni ba. Kafin ta kashe ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Ashe har rana ma ba tamu ɗaya ba." Shekara uku ina Ingila ba ta taɓa faɗin irin wannan ba.

Yanzu sha ɗaya da minti arba'in. Na yi alwala tun ɗazu, na shimfiɗa darduma. Ba ladan, ba ƙarar buta, ba Malam Isa yana kora yara masallaci. Ita ta daɗe da barci. Ni ina zaune bakin taga ina jiran rana ta gama jan ƙafa a bayan teku.