Jagorancin Sa Kai a Ƙungiyar Masu Adana Takardu: Abin da Na Gani daga Kujerar Sakatare

Na yi shekaru a kwamitin zartarwa na wata ƙungiya da ta haɗa masu adana takardun tarihi da masu kula da takardun aiki na yau da kullum, da farko a matsayin sakatare, daga baya kuma mataimakin shugaba. Babu mai karɓar albashi a cikinmu. Kowa yana da aikin da yake ci da shi, hidimar ƙungiya kuwa sai bayan an tashi daga ofis ko a ranakun hutu. Irin wannan ƙungiya ba ta da ikon korar kowa daga aiki, ba ta kuma da ƙarin girma da za ta yi wa mai ƙwazo, saboda haka abin da ke riƙe ta shi ne tsarin da aka rubuta, aka amince da shi, kuma wanda zai gaji kujera zai iya karantawa ya fahimta ba tare da ya nemi wanda ya gabace shi ba.

Abu na farko da ya fito mini fili shi ne cewa 'yan ƙungiyar kashi biyu ne, ko da yake daga waje ana ɗaukarsu abu guda. Mai kula da takardun aiki yana mu'amala ne da fayil mai rai, wanda ake buɗewa yau a rufe gobe, damuwarsa kuma ita ce tsawon lokacin da doka ta ce a ajiye takarda da ranar da ya halatta a zubar da ita. Ma'aunin da ya fi dogara da shi shi ne ISO 15489, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na kula da takardun aiki, wanda aka fitar a 2001 aka sabunta a 2016. Shi kuwa mai adana takardun tarihi yana karɓar ɗan abin da ya tsira bayan an tantance, yana tsara shi bisa ƙa'idar da aka kafa a Faransa tun 1841, wato kada a gauraya takardun wata hukuma da na wata. A Amurka ɓangarorin biyu suna da ƙungiyoyi daban: ta masu adana takardun tarihi an kafa ta a 1936, ARMA kuma ta masu kula da takardun aiki ta biyo baya a 1955. A Birtaniya da Ireland kuwa, ƙungiyar da aka samar a 2010 bayan haɗewar wasu ƙungiyoyi uku tana ɗauke da sunan ɓangarorin biyu. Mu ma a inuwa ɗaya muke, kuma hakan yana da tsada. Duk shekara idan aka zo tsara babban taro, masu kula da takardun aiki sukan yi ƙorafin cewa an cika jadawali da maganar tsofaffin rubuce-rubuce, alhali su abin da ke hana su barci shi ne saƙonnin imel da ake sharewa ba bisa ƙa'ida ba. Ba mu magance wannan da lallashi ba, sai da muka gyara kundin tsarin mulkin ƙungiya ta yadda idan shugaba ya fito daga ɓangare ɗaya, mataimakinsa zai fito daga ɗayan, kwamitin shirya taro kuma ya zama raba daidai.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halin da na tarar da takardun ƙungiyar kanta. Mutanen da sana'arsu ita ce koya wa hukumomi yadda ake ajiye takarda, nasu takardun a warwatse suke: wasu a akwatin imel na tsohon ma'aji, wasu a kwali a gidan wani tsohon sakatare, wasu kuma babu wanda ya san inda suka shiga. Dalilin ba sakaci ba ne irin wanda ake zato. Mai aikin sa kai yana amfani da kayan da ke hannunsa, wato kwamfutarsa da adireshin imel ɗinsa, idan wa'adinsa ya ƙare kuma sai ya tafi da su domin dama nasa ne. Illar hakan ta bayyana ne lokacin da aka sami saɓani a kan ko babban taron wata shekara ya amince da ƙarin kuɗin da mambobi ke biya, ko kuwa shawara ce kawai aka kawo aka ɗage. Waɗanda suka halarci taron sun kasu biyu, kowa yana da tabbacin abin da ya ji, rahoton zaman kuma ba a same shi ba. Dole aka sake kawo maganar gaban babban taro na gaba, aka yi asarar shekara guda a kan abin da layi biyu a takarda za su kashe.

Bayan wannan ne muka yi wa kanmu abin da muke yi wa wasu. Muka rubuta jadawalin ajiya da zubarwa na ƙungiya, wanda ya ce kundin tsarin mulki da rahotannin zama da bayanan kuɗi na ƙarshen shekara ana ajiye su har abada, rasit da takardun rajistar taro kuwa ana riƙe su na ɗan lokaci a zubar. Muka buɗe adireshin imel ga kowace kujera, ba ga mutumin da ke kanta ba, ta yadda sabon ma'aji zai gaji duk wasiƙun magabacinsa ranar da ya kama aiki. Sannan muka ƙulla yarjejeniya da wata cibiya da za ta riƙa karɓar takardunmu na dindindin. Wannan ba sabon abu ba ne, domin ƙungiyar masu adana takardun tarihi ta Amurka da na ambata ma takardunta suna ajiye ne a ɗakin karatu na Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee.

Rubuta rahoton zama kuwa fasaha ce da ake rainawa. Da farko ana sa ran sakatare ya kwashe duk abin da kowa ya faɗa, sai rahoto ya yi tsawo, ba mai karanta shi, mutane kuma su fara tauna magana a taro don gudun a rubuta sunansu kusa da ra'ayin da ba a so. Na ga ya fi amfani a rubuta abin da aka yanke, da wanda aka ɗora wa aiwatar da shi, da ranar da ake jiran sakamako, a kuma nuna cewa adadin waɗanda suka halarta ya kai wanda kundin tsarin mulki ya gindaya kafin a yanke hukunci. Idan wani ya ƙi amincewa kuma yana so a san ya ƙi, sai ya nemi a rubuta. Rahoton da ya isa hannun mambobi cikin mako guda yana sa aiki ya motsa, wanda aka raba da safiyar zama na gaba kuwa cika ƙa'ida ne kawai.

Maganar wa'adi ta fi kowace zafi, domin tana taɓa mutanen da suka yi wa ƙungiya hidima da zuciya ɗaya. A ƙungiyar sa kai, wanda ya daɗe a kujera sau da yawa ba son mulki ne ya zaunar da shi ba, rashin mai karɓa ne. Sai dai daɗewar tasa ita ce ke hana samun mai karɓar, saboda duk ilimin tafiyar da ƙungiya ya taru a kansa, kowa kuma yana ganin ba zai iya ba. Mun ɗauki tsarin da ƙungiyoyi da dama ke bi, inda ake zaɓen mataimaki da sanin cewa shi ne shugaba mai jiran gado, shugaban da ya sauka kuma ya ƙara shekara guda a kwamiti yana ba da shawara ba tare da ya riƙe ragama ba. Haka kuma mun daina sauke kwamiti gaba ɗaya a zaɓe guda, rabi ke sauka rabi su zauna. Wasu dattawan ƙungiya sun ji kamar ana nuna musu ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba, amma har yanzu ina ganin gyaran ya dace.

A kan kuɗi ba sai na tsawaita ba: sa hannun mutum biyu kafin a fitar da ko nawa ne, da masu binciken asusu waɗanda ba 'yan kwamiti ba. Inda ake bukatar lura shi ne kamfanonin da ke sayar da manhajar adana bayanai da na'urorin ɗaukar hoton takardu, domin su ne suka fi son ɗaukar nauyin taronmu, kuma mambobinmu ne ke ba ma'aikatunsu shawarar abin da za a saya. Ƙa'idojin ɗa'a guda 10 da Majalisar Adana Takardun Tarihi ta Duniya, wato ICA, ta amince da su a birnin Beijing a 1996 sun gargaɗi ma'aikaci kada ya yi amfani da matsayinsa don amfanin kansa ko na wani ba bisa adalci ba. Daga nan muka ɗauko dokar cewa duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da kamfani ya bayyana ta a rubuce, ya kuma fita daga zaman idan aka zo maganar kamfanin.

Akwai kuma tambayar wanda ke da ikon magana da sunan ƙungiya. Idan labari ya fito cewa wata hukuma ta lalata takardun da bai kamata ta lalata ba, mambobi sukan buƙaci a fitar da sanarwa nan take, alhali wataƙila wasu 'yan kwamiti ma'aikatan wannan hukumar ne, abincinsu kuma yana hannunta. Abin da ya taimake mu shi ne jingina kowace sanarwa da takardar da ba mu muka rubuta ba, musamman sanarwar duniya kan adana takardun tarihi da ICA ta amince da ita a Oslo a 2010, UNESCO kuma ta goyi bayanta a 2011. Shugaba kaɗai ke sa hannu, bayan kwamiti ya amince, wanda abin ya shafi wurin aikinsa kuma ba a tilasta masa shiga.

Matsalar da na bari ba a warware ba ita ce ta waɗanda ke iya sa kai tun farko. Ma'aikacin babbar cibiya yana samun izinin halartar taro, wani lokaci har da kuɗin tafiya, shi kuwa wanda yake shi kaɗai a sashen takardu na ƙaramar ma'aikata, idan ya fita sai an rufe sashen. Sakamakon haka kwamiti yakan cika da mutanen manyan cibiyoyi, matsalolin ƙananan wurare kuma ba sa isowa teburin shawara. Mun rage wannan ta hanyar mayar da yawancin zama ta intanet, da rarraba aiki zuwa ƙananan ayyuka masu ranar farawa da ranar gamawa, kamar shirya bikin Ranar Adana Takardun Tarihi ta Duniya da ake yi kowace 9 ga Yuni, da kuma rubuta wa shugabannin ma'aikatu wasiƙar neman su ba ma'aikacinsu lokaci. An sami sababbin fuskoki, amma ba kamar yadda muka so ba. Wasu suna ganin mafita ita ce a ɗauki ma'aikaci guda mai albashi da zai riƙe rajistar mambobi da wasiƙu, wasu kuma suna cewa hakan zai tilasta ƙarin kuɗin shiga, wanda zai kori ainihin mutanen da ake son jawowa. Na miƙa wa kwamitin da ya gaje mu wannan muhawara a buɗe, tare da lissafin da kowane ɓangare ya kawo.