Daren da janareto ya mutu muna tsakiyar harbi

Azumin 2024 cikin Maris da Afrilu ya faɗo, kuma duk wanda ya san Katsina ya san yadda ranar wannan lokacin ke gasa mai azumi. Mu 'yan ƙalilan ne da ke haɗuwa duk Asabar a wani gidan gona da ke bayan gari, idan ka fita ta Ƙofar Ƙaura, muna harbin takarda da bindigar iska. Azumi na kamawa wurin ya mutu murus, don ba mai iya tsayawa da rana tsaka da bindiga a kafaɗa, maƙogwaro a bushe, hannu na rawa. Ni na ce mu mayar da abin dare bayan asham, mu kuma yi shi gasa. Da yake bakina ne ya furta, kaina aka ɗora wa kayan.

Mutane na ɗaukar bindigar iska abin harbin kurciya ne na yara. A dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, jerinta ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu, kuma lasisinta daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Bindigar toka ce Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa lasisi. Bindigoginmu na iska huɗu ne, duk da takardunsu, su na kwasa na kai ofishin 'yan sanda na yankin. Jami'in ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, harbi da dare? A Katsina?"

"Yallaɓai, ƙararta ba ta kai ta tafi ba. Ka turo a gani."

Ya turo mutum guda, ya kuma ce kada mu wuce sha ɗaya da rabi. Daga nan na gaida mai unguwa, na sanar da 'yan sintiri, liman ya yi bayani bayan sallar isha'i. A takardar sanarwa kuwa na kiyaye kalma ɗaya. A da in an ce 'yan bindiga, waɗanda ke buga bindiga gaban Sarki ranar hawan Sallah ake nufi. Yau kowa ya san abin da zuciya ke kawowa. Sai muka rubuta "gasar saiti". Wani dattijo maharbi ya ji labari ya zo da harbi-rugarsa a saɓe. Na durƙusa na ce, "Baba, wannan in ta tashi cikin daren nan, kafin asuba an ce an shigo gari." Ya yi dariya, ya ce yaran zamani da tsoro, amma ya jingine ta a ɗakin maigadi.

Ma'aunin na gasar duniya muka ara, wadda ake yi a Olamfik: tazarar mita 10, tsakiyar takarda mita 1.4 daga ƙasa. Da'irar waje faɗinta milimita 45.5, baƙin tsakiya 30.5, maki goma kuwa ɗigo ne na rabin milimita, alhali harsashin darmar kansa 4.5 ne, ya ninka ɗigon sau tara. Su harbi 60 suke yi, mu muka tsaya a 20, mutum huɗu-huɗu a sahu.

Fitila ce ta fara ba ni kunya. Daren gwaji na rataye babbar fitila a bayan masu harbi, sai inuwar kowa ta miƙe ta kwanta kan takardarsa. Na mayar da ita gaba, ta kashe musu ido. Wani tsohon soja da ke cikinmu ya ce in daina haska fili, in haska takarda. Muka sa wa kowace takarda ƙwan fitilarta a ƙasa, muka rufe bayansa da gwangwanin madara da aka tsaga, hasken na dukan takarda kaɗai. Wurin masu harbi muka bar haske kaɗan, daidai yadda za a ga hannun kowa. Bayan takardu ma sai da muka sake, don katangar bulo ce, darma in ta daki siminti tana iya dawowa. Muka jera buhunan yashi har tsayin mutum.

A dare na uku abin ya faru. Sahu na biyu na tsakiyar harbi, ni ma ina ciki, don na kasa haƙura in tsaya kallo. An ɗauke wuta tun magariba, janareto ne ke riƙe da komai. Ya yi tari sau biyu ya mutu. Duhu ya rufe mu ɗib, irin duhun da ke kama idon da ya daɗe yana kallon farar takarda. Bindigogi huɗu a ɗane, yatsu kusa da kunama. Sai na ga wani ɗan haske na tafiya gabanmu. Ɗan wana ne, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke kwaso mana takardu, ya zaci an gama zagaye, ya kunna tocilar waya ya nufi buhuna.

Bakina ya ƙi buɗuwa. Tsohon sojan ne ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta ba: "Tsaya! Kowa ya cire yatsa! Baki sama!" Yaron ya daskare a wurin. Sojan ya je da kansa ya riƙo hannunsa ya dawo da shi bayanmu, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tocila. Irin bindigoginmu masu karyewa, in ka ɗana ka zura darma, hanyar da ta fi aminci ita ce ka sauke harbin cikin yashi. Haka muka yi, kowa da nasa lokacin, yana tsaye a kafaɗarsa. Da aka gama ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, mai shirya gasa ba ya harbi. In kana kallon takardarka, wa ke kallon mutane?" Ban ce uffan ba. Har na isa gida gwiwata ba ta daina rawa ba, kuma ban gaya wa uwar yaron ba sai bayan Sallah.

Washegari na ajiye bindigata. Fitilun takardu muka mayar kan batirin sola, janareto ya koma na fanka da ruwan sanyi, ya mutu in ya ga dama. Muka ɗaure igiya daga bango zuwa bango a gaban sahu. Muka kuma ari wata ƙa'idar gasar duniya: kowace bindiga in ba a harbi da ita, a zura mata zare mai kauri tun daga gindi har ya leƙo ta baki, shaidar ba komai ciki. Ja muka saya don a gan shi a ɗan haske. Ba mai tsallake igiya sai na ƙirga zare huɗu da ƙarfi kowa na ji. Kafin kowane sahu kuma sai na maimaita abin da za a yi in duhu ya faɗo, har suka fara yi mini ba'a suna amsawa kamar karatun allo. 'Yan kallo da ke ɗaukar hoto da walƙiyar waya su ma muka mayar da su bayan benci. Sai buta da sabulu a ƙofa, don darma guba ce, mutum kuma daga nan hannunsa cikin kwanon fura zai faɗa.

Mun rufe kafin goman ƙarshe saboda tahajjud. Wani tela ne ya ci, ya ce duk azumi cikin dare yake zura zare a allura, wannan ɗigon ba baƙonsa ba ne. Galan ɗin man gyaɗa muka ba shi. Baba maharbi, wanda bai fasa zuwa ko dare ɗaya ba, a ƙarshe ya ce a ara masa "bindigar yaran". Ya harba uku, biyu suka shiga baƙi. Ya miƙo ta yana yatsine fuska, ya ce ba hayaƙi, ba ƙamshin albarushi, shi bai ji ya yi harbi ba.